Icce Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani dattijo a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, aka kuma yi katari zancen tarbiyyar yara ya taso, to, da wuya a watse bai ji an jawo wannan karin magana ba, kuma galibi mai jawo ta yana so ne ta zame masa hujja a kan tsumagiyar da ya soke a jikin danga, ko dorinar da ke rataye a bayan ƙyaure. Na daɗe ina nazarin lafazinta, sai na ga magabatan da suka ƙaga ta, da yake mutane ne masu auna kalma kafin su furta, tanƙwarawa suka ambata, alhali kuwa da duka suke nufi da ba su rasa kalmar da za su faɗa ba.

A dubi manomin ƙasar nan idan kaka ta yi, ya cire masara ya yanke dawa, ya tashi gyaran rumbu. Yakan shiga jeji ya saro geza tun tana da ruwa a jika, ya dafa ta da gwiwa yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, yana sauraron kukan iccen a tafin hannunsa, in ya ji ya yi tauri ya sassauta, in ya ji ya ba da kai ya ƙara, sa'an nan ya ɗaure da igiyar rama ya ƙyale shi kwana da kwanaki, har tankar ta bushe bisa siffar da ya nufa. Wanda kuwa ya yi gaggawa ya danne da ƙarfin tsiya, abin da kan same shi ya fi karaya muni, domin ɗanyen icce ba ya ɓallewa gida biyu a gani a sake wani, sai dai ya tsage ta ciki ɓawo ya rufa masa asiri, a ɗora masa jinka, ranar da iskar farkon damina ta taso aibin ya bayyana. Ashe karin maganar umurni take yi da sammako, da haƙuri, da lizimtar yaro yau da gobe, waɗanda su ne suka fi duka wuya.

Masu riƙon bulala sukan kafa dalili da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito a kan umurtar yara da salla suna da shekara 7, da ladabtar da su a kanta idan sun kai 10. Ban musa ba. Amma a lura da tazarar da ke tsakani: shekara uku cur na tunatarwa sau biyar a kowace rana kafin a kai ga ɗaga hannu. Fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya kuwa sun kewaye wannan rangwame da sharuɗɗa masu tsanani. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ɗa ga mai littafin Mudawwana, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, inda ya hana malami wuce bulala uku sai da iznin uba, ya hana dukan kai da fuska, ya kuma nuna cewa duka cikin fushi ba adalci ba ne. Ina roƙon kowane alaramma da kowane malamin firamare ya auna aikinsa na mako guda da wannan ma'auni, musamman sharaɗin fushin nan, gama a iyakar abin da na gani, bulala ba ta cika sauka ba sai lokacin da zuciyar babba ta ɓaci, wani zubin ma a kan abin da yaron bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa ga almajirai cuta ce gare su, domin takan kashe musu kuzari, ta koya musu ƙarya da makirci saboda tsoron uƙuba. Wannan kam na shaida shi da idona tun ina ƙolo. Akwai wani yaro da muka yi makarantar allo tare, mai kaifin harda ƙwarai, wanda wani gardi ya sa wa ido, kullum ranƙwashi, kullum tsumagiya, har ya zamana in ya ɗauki allo harshensa sai ya sarƙe, ya ƙware a ɓuya da ƙagen ciwon ciki, daga bisani ya gudu bai kai ko izu goma ba. Har yau in na tuna shi raina yakan ɓaci.

Ba na raina tsoron iyaye, domin tsoro ne na gaskiya. Uban da ke zaune a gefen dajin Rugu, ko a iyakar Sabuwa da Birnin Gwari, yana ganin yadda ƙwaya ke cin samari, yana jin labarin yaran da ɓarayin daji suka saye da kuɗi kaɗan suka mai da su masu kai rahoto, dole hankalinsa ya tashi, ya ce gara ya ƙi nasa duniya ta so shi. Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa ma, wanda ya fara aiki a 1960, ya yardar wa uba da malami horon yaro a sashe na 55, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Sai dai irin wannan tsoro ne ya kai waɗansu iyaye ga miƙa 'ya'yansu gidajen mari, kowa kuwa ya ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna cikin Satumba 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da kuma Daura a watan Oktoba, inda aka fito da 67, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Iyayen nan gyara suka nema, ba su nufi sharri ba, amma da yake an riga an yarda cewa zafi shi ne magani, babu wanda ya tsaya tambayar iyakarsa.

Akwai kuma abin da ya keɓanci wannan yanki, wanda shi ya fi sa ni ɗaukar alƙalami. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin jeji da ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344, waɗansunsu kuma suka shaida wa manema labarai irin dukan da suka sha a hannun mutanen. Ƙannensu a ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun taso suna jin harbi da dare, suna kwana a gona, suna ganin an wulaƙanta iyayensu a gabansu. Yaron da ya riga ya ga cewa mai makami shi ke da magana, idan ya zo gaban malaminsa ko mahaifinsa, wajibi ne ya tarar da wani irin iko dabam, mai kiran sunansa, mai tambayarsa dalili, mai hana shi abin da yake so na yini guda ko sa shi ya sake rubuta allonsa, ba tare da ya sa shi kāre fuska da hannu ba. Na san malamai a garuruwan nan da suke yin haka, tsumagiyarsu na nan ajiye kusa da buzu har ta bushe, almajiransu kuwa suna sauka kamar na kowa.