Kyautata Zato Da Tsare Dukiya: Ina Iyakar Yarda?

Da sunan Allah Mai Rahama, Mai Jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Karaye da Rogo dattijo ya tashi ne a zamanin da baki ya ishi mutum shaida. Manomi a Rogo Ruma ko Zarewa ko Fulatan yakan ba da buhun masara bashi ba tare da takarda ba, domin ya san mai karɓa, ya san ubansa, ya kuma san masallacin da yake salla. To, yau ga wayar hannu ta shigo, tana kawo muryar wanda ba a san fuskarsa ba balle asalinsa.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a shekarar 2001. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, a ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa layin waya da lambar NIN. Da aka canja fasalin Naira kuma, ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tilasta wa mutanen karkara buɗe asusu da zuwa wurin masu POS. Ta haka guzurin tsufan mutum ya koma cikin wayar da sau da yawa bai iya karanta saƙonta ba.

'Yan damfara sun lura da haka. Wani yakan bugo ya yi sallama cikin ladabi, ya ce daga banki yake, za a rufe asusun Baba yau idan bai faɗi lambar katinsa da lambobin da aka aiko masa yanzu ba. Wani yakan yi romon baka da tallafin gwamnati, ko takin zamani mai rahusa, ko kujerar Makka. Wani kuma yakan sayi kaya ya nuna saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shiga. Makaminsu biyu ne: tsoro da kwaɗayi, kuma kullum cikin gaggawa suke don kada a sami damar shawara.

A nan ne tambaya take: shin Musulmin da ya tsaya bincike ya munana zato ga ɗan'uwansa ke nan? Amsar tana cikin Suratul Hujurati. Aya ta 12 ta hana yawan zato, amma aya ta 6 ta yi umarni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Ayoyin ba su ci karo ba. Munana zato shi ne a yanke wa mutum hukunci a zuci ba tare da hujja ba. Bincike kuwa shi ne a nemi hujjar. Wanda ya ce wa mai bugowa ya dakata sai ya je banki da ƙafarsa bai zagi kowa ba, bai kuma ɗauki alhakin kowa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, alhali tsakanin muminai ake maganar.

Haka kuma tawakkali bai kore dabara ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya fara ɗaure shi kafin ya dogara ga Allah. Lambar sirri ita ce igiyar raƙumin wannan zamani. Banki ba ya tambayar ta ta waya, kuma ba a faɗa wa mai POS ita, mai katin ne zai danna da hannunsa. Idan waya ta ɓace, a hanzarta rufe layi da asusu, domin da layin kaɗai ɓarawo yana iya kwashe kuɗi.

Saura maganar laifi. Mutane sukan ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ya dace da wanda kwaɗayin ribar banza ya ja shi, kamar waɗanda suka zuba kuɗi a MMM har ta rufe musu asusu a Disamban 2016. Amma bai dace da tsohon da aka tsorata ba. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da ake yawan cutarsa a ciniki. Annabi (S.A.W.) bai yi masa gori ba, sai ya koya masa sharaɗin da zai riƙa gindayawa don ya kare kansa. Gorin 'ya'ya shi ne ke sa dattijo ya ɓoye abin da ya same shi, har lokacin da banki zai iya tsare kuɗin ya wuce, macuci kuma ya koma kan maƙwabci.

Saboda haka nauyi yana wuyan matasa. Ɗan da ya iya waya amma bai taɓa zaunar da mahaifinsa ya nuna masa waɗannan tarkuna ba, ya tauye wani sashe na biyayyar iyaye. Haka malamai da limamai, ya kamata maganar ta shiga huɗuba da zauren karatu da makarantun matan aure. Tsare dukiya yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kiyaye.

Shi kuwa macuci, da wanda ya ara masa asusu don a ba shi kaso, su sani dokar ƙasa ta 2015 kan laifuffukan intanet da hukumar EFCC su ne ƙaramin abin tsoro. Malamai sun tabbatar cewa tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar wa mai abu abinsa ko ya yafe. Kuɗin marayan da tsohuwa ke riƙo, ko na aikin Hajjin da aka yi shekaru ana tarawa, ba ya halatta don an gina masallaci da shi.

Allah Ya tsare wa dattawa gumin su, Ya shiryi matasa, Ya sa a gama lafiya. Amin.