Abin da takardar saiti ke faɗa wa maharbi

A Ingila mai son harbin zomo a gona ba sai ya nemi lasin ba, muddin bindigarsa ta iska ce, mai gonar ya yarda, kuma ƙarfinta bai haura abin da doka ta yanke tun 1969 ba, wato fut-fan 12 a ma'auninsu, kimanin jul 16. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. Sikotland kuwa tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. Wannan iyaka ta Ingila ita ta sa musun maharbansu a kan faɗin bakin bindiga yake da daɗin saurare, domin duk wanda ke cikin musun ƙarfi iri ɗaya aka ba shi. Abin da ya rage masa shi ne yadda zai kashe shi.

Baki iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa: mai milimita 4.5 da ake rubutawa .177, da mai milimita 5.5, wato .22. Akwai .20 da .25, amma harsashinsu bai kai na waɗannan yawa a shaguna ba. Harsashin ƙaramin baki bai fi rabin giram da 'yan kai ba, yana fita da gudun mita 240 a daƙiƙa. Na babban ya kai giram guda, gudunsa wajen mita 175. Ƙarfin ɗaya ne, sai dai ƙaramin ya sayi sauri da shi, babban ya sayi nauyi. Kafin su kai mita 30, ƙaramin bai sauko santimita 10 ba, babban ya sauko wajen 15. Don haka mai .22 in ya ɗauka zomo yana mita 25 alhali yana 35, harsashinsa zai bi ta ƙarƙashin inda ya nufa. Mai .177 yana da ɗan sassauci a nan, amma harsashinsa kan ratsa ya fita ta ɗaya gefen, kuma a cikin rumbun hatsi ko ɗakin shanu inda ake harbin ɓera da tantabara, wannan yana nufin huda rufi. Tsofaffin maharbansu sun raba gardamar da cewa ƙarami na mai fukafukai ne, babba na mai gashi. Magana ce mai daɗin riƙewa, amma ni ban ga ta kai rabin gaskiya ba. Wurin da ake harbin zomo ya mutu nan take yana tsakanin ido da gindin kunne, faɗinsa bai wuce santimita biyu da rabi ba. Kowanne daga cikin biyun ya shiga nan ya gama aiki; wanda ya kauce, ko wace lamba ke jikinsa, ya bar dabba da rauni ta ja jiki ta shige rami.

Ɗauki harsashi ɗaya ka ɗora a tafin hannu ka duba. Dalma ce mai taushi, kai a dunƙule, ƙugu a tsuke, gindi a buɗe kuma fanko ne, ƙumba ma tana iya lotsa gefensa. Idan aka taɓa kunama, iska ta bugi wannan gindin sai ya ɗan buɗe ya kama zanen da aka murɗa a cikin bututu, ya fita yana juyi. Nauyin yana gaba, gindin yana jan iska a baya, shi ya sa kai ke riƙe hanya. Shi ya sa kuma wanda gindinsa ya lotse a gwangwani, ko a aljihu tare da makullai, ba abin harbin mai rai ba ne.

Kan harsashi iri-iri ne, kuma a nan ido ke yaudarar sabon shiga. Mai tsini shi ya fi kama da abin kisa, shi hannu ke fara kaiwa. To amma tsinin in ya ɗan karkace daga tsakiya, wanda ba wuya a abin da ake bugawa dubu-dubu, sai ya riƙa lilo a hanya. Mai faffaɗan kai don takarda aka yi shi, yana yanka rami tsaf a gasar mita 10 ta Olamfik, amma iska na cin gudunsa da wuri. Mai rami a ka yana da amfani ga ɓera a kusa. Wanda akasarin maharban zomo da kurege suke ƙarewa a kansa shi ne mai kai kamar rabin ƙwallo, wanda ba ya burge kowa a ido. Yaro mai harbin danƙo ya san wannan tun yana tsintar tsakuwa: mulmulalliya yake cika aljihu da ita, mai kaifin ya bar ta a ƙasa.

Haka batun gudu. A Amurka, inda galibi ba a yanke wa bindigar iska ƙarfi ba, za ka ga an rubuta ƙafa 1,200 a daƙiƙa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Da harsashi marar nauyi, wanda ba dalma ba, ake samun wannan lamba. Gudun sauti kimanin mita 343 ne a daƙiƙa, kuma harsashi mai tsukakken ƙugu in ya kusanci wannan gudun sai ya rasa natsuwa. An sayar maka da ƙara da lamba, an rage maka saiti.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bututu yana da zaɓinsa. Bindiga biyu daga masana'anta ɗaya, ƙira ɗaya, wannan ta tara harsashin JSB na ƙasar Cek wuri ɗaya, waccan ta watsar da shi ta fi son H&N na Jamus. Masu yin harsashi sun san haka, har sukan rubuta 4.51 ko 4.52 a ƙasan gwangwani, bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ba mai shago, ba aboki, ba ƙwararren da zai iya gaya maka wanda bututunka zai karɓa. Sayen gwangwani goma a kan shawarar wani cinikin biri a sama ne. Sai dai ka kafa takarda a mita 30, da tudun ƙasa a bayanta, ka ɗora bindigar a kan jakar yashi a ranar da iska ta kwanta. In ka sauya iri, ka fara zubar da 'yan harbi tukuna don bututun ya saba da sabuwar dalmar, sannan ka harba biyar ko goma a ɗigo ɗaya ka auna yadda suka taru. Bindiga mai sifirin tana ƙara wahalar gwajin, don tana motsi kafin harsashi ya fita, sai an riƙe ta iri ɗaya kowane harbi. Mai tankin iska ba ta da wannan halin. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A wannan sana'ar gudun a gaban takarda ake yinsa, kuma shi ne sashen da mutane suka fi son tsallakewa, saboda ba wanda ke dawowa gida da takarda a yi masa barka.

Takardar ba harsashi kaɗai take zaɓa ba, har iyakar mutum take yankewa. Inda harbinka biyar ya daina taruwa cikin santimita biyu da rabi, nan farautarka ta tsaya, ko da harsashin yana da sauran ƙarfin kisa a gaba da haka. Maharban Ingila da yawa suna tsayawa tsakanin mita 30 da 35. Wani a kan jakar yashi zai kai 40, amma a tsaye, hannu na rawa bayan hawan tudu, 20 ma da ƙyar. Wannan iyaka ta biyun ita ce tasa ta gaskiya, kuma da ita zai yi aiki in zomo ya fito bakin shinge a mita 35: ko dai ya lallaɓa ya matso, ko ya sauke bindiga ya jira wani.