Haƙƙin Ɗan Hanya Inda Masauki Ya Koma Na Kuɗi

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka yi saɓani a kansu tun ƙarni na biyu bayan hijira akwai matsayin liyafa, wato saukar da baƙo da ciyar da shi ba tare da an karɓi komai daga hannunsa ba: shin haƙƙi ne da baƙon yake bin mutanen garin da dare ya riske shi a cikinsa, ko kuwa alheri ne da mai gida zai yi idan ya ga dama, ya bari idan bai gani ba? Mas'alar ba ta tsufa ba a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, inda babbar hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa Kazaure, wata kuma ta bi ta Ɓaɓura ta nufi Magarya da Damagaram, domin akasarin masu bin waɗannan hanyoyi ba su da motar kansu. Fasinjojin motar haya ne, da 'yan ci-rani, da masu koro dabbobi a ƙasa, da almajirai, da masu kai marar lafiya asibiti, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya riƙa cinye guzurin da a da yakan ishi mutum tuwon dare da wurin kwana.

Asalin maganar hadisin Abu Shuraihu ne, wanda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma suka ruwaito shi, inda aka ɗaura girmama baƙo a kan imani da Allah da ranar lahira, aka sanya yini da dare na farko su zama na karramawa ta musamman, aka iyakance liyafa ga kwana uku, abin da ya ƙaru a kai ya zama sadaka, sannan aka hana baƙo ya share wuri ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Laisu ɗan Sa'adu, malamin Masar da ya rasu a shekara ta 175 bayan hijira, ya fahimci wajibci daga wannan, ya ce kwana ɗaya dole ne. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa sunna ce mai ƙarfi da kyawun hali. Sai dai akwai saɓani na biyu a ƙarƙashin na farko, kuma shi ne ya fi shafar zamanin nan: a kan wa liyafar take? Shafi'i ya ce tana kan mutanen birni da na ƙauye baki ɗaya, amma Malik da Sahnunu, mai littafin Mudawwana, sun keɓe ta ga mutanen karkara, kuma dalilin da Alƙali Iyadu ya naƙalto musu shi ne cewa matafiyi a birni yana samun gidajen saukar baƙi na haya, yana kuma samun abincin saye a kasuwa, alhali wanda ya faɗa ruga ko ƙauye ba shi da wata mafita sai ƙofar wani.

Ƙasar Hausa, wadda take bin mazhabar Malik, ba ta tsaya jiran a warware wannan saɓani ba kafin ta tsara wa baƙo wuri. Zaure, wanda shi ne ɗakin farko da mai shiga gida yake tararwa, an gina shi ta yadda namiji baƙo zai kwana a inuwar gidan ba tare da ya keta sirrin iyali ba, kuma wanda bai san kowa ba a gari akan raka shi wurin mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya san gidan da zai tura shi, mace a shigar da ita cikin mata. Da an idar da sallar magariba sai kwanukan tuwo su fito daga gidaje zuwa ƙofar gida, a yi ciyayya, kuma ba a tambayar baƙo ko ya ci, sai dai a miƙa masa buta ya wanke hannu. Daga nan ne karin maganar nan ta “baƙonka annabinka” ta sami gindin zama. Fatake kuwa, waɗanda ayarinsu ke saukowa daga Azbin da Damagaram da gishiri da kanwa zuwa Kano, suna da nasu tsari dabam: zango, wato filin da ayari ke yada kaya a bayan gari, da fatoma, wato mai masaukin da ke ba baƙon ɗan kasuwa ɗaki da abinci da wurin ajiyar kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, sannan ya sami rabonsa daga la'ada. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gidajen Hausawa ke riƙe da cinikin shanu da goro. Abin lura shi ne fatoma ɗan kasuwa ne, ba mai sadaka ba, amma ba ya karɓar kuɗin kwana a ƙofa. Yana jiran ciniki ya faɗa. Saboda haka ko masaukin riba na wancan zamani bai rufe ƙofa ga wanda ya iso da aljihu a bushe ba, muddin yana da abin sayarwa ko wanda ya san shi.

Otal da gidan saukar baƙi na yau sun saɓa da wannan ta fuska ɗaya mai nauyi, domin ana biya kafin a ba da mukulli. A gari irin Kazaure, wanda ya zama hedikwatar masarauta tun bayan da Ɗantunku ya kafa ta a wajajen 1819, kuma yau yake da babbar makarantar fasaha ta tarayya da asibiti da ma'aikatu, ana samun irin waɗannan gidaje, amma ba domin su ɗan ci-rani aka yi su ba. Wanda motar ƙarshe ta tafi ta bari a tasha abin da ya sani shi ne bencin mai shayi har zuwa lokacin da za a kashe wuta, daga nan ya shimfiɗa kwali ko buhu a barandar shagon da aka rufe, ya yi matashin kai da jakarsa, ya cusa takalmansa a ƙarƙashinta, idan lokacin hunturu ne ya ƙudundune cikin riga har a kira assalatu. Mutumin nan da a wani ƙauyen Gwiwa ko na bayan duwatsun Roni dare ya yi masa, da wuya ya kwana bai sha fura ba. Wato birni, inda aka ɗauke wa mutane nauyin liyafa saboda akwai masauki, shi ne inda baƙo marar hali ya fi kwana a waje.

Mai kare zahirin maganar Malik yana da hujja daga ilimin usulu, wato ilimin ƙa'idojin da ake ciro hukunci da su. Malaman wannan fanni suna rarrabe illa da hikima: illa ita ce siffa bayyananniya mai iyaka wadda ake rataya hukunci a kanta, hikima kuwa ita ce amfanin da ake nufin samu, wanda sau da yawa ba ya aunuwa. Misalin da aka fi bayarwa shi ne ƙasaru, wato mayar da salla mai raka'a huɗu ta koma biyu: hikimarsa sauƙaƙa wahala ce, amma illarsa tafiya ce ta baridi huɗu, mil 48 a lissafin Malikiyya, don haka wanda ya tafi cikin mota mai sanyi da wanda ya taka da ƙafa hukuncinsu ɗaya. A bisa wannan ma'auni sai a ce samuwar masauki a gari ita ce siffar da ake gani, zurfin aljihun kowane baƙo kuwa ba abin da za a bi a auna ba ne. Hujjar tana da kyau a ido, amma ba ta kai ba. Rataya ƙasaru a kan tafiya nassi ne ya zo da ita, alhali rarrabe birni da ƙauye a liyafa ijtihadi ne da aka gina a kan yadda biranen wancan zamani suke, lokacin da masallatai ke kwana a buɗe, masu hali kuma ke gina masaukai na waƙafi, wato dukiyar da aka tsare asalinta aka sadaukar da amfaninta. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 684 bayan hijira, ya yi gargaɗi a littafinsa Alfuruƙ cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma daskarewa a kan abin da aka rubuta a irin wannan wuri ɓata ne ga manufar magabata. Masaukin da baƙo ba zai iya shigarsa ba, a wurinsa daidai yake da babu.

Wannan ba ya nufin a ɗora wa mai gida ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa, kuma tsoron da ya sa aka fara kulle masallatai bayan lisha, aka kuma umarci masu unguwanni su san duk wanda ya sauka a yankinsu, ba tsoron banza ba ne ga al'ummar da ke maƙwabtaka da Jihar Katsina da kan iyaka. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne tsare baƙo daga yunwa da sanyi farali ne na kifaya, wanda idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya noƙe laifin ya hau kan kowa.

Hanyar sauke wannan farali kuwa tana cikin zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na masu cin zakka, na ƙarshensu ibnus sabil, ɗan hanya, wanda guzuri ya yanke masa a garin da ba nasa ba. Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Kazaure har Damagaram, ya gindaya cewa ya kasance mabuƙaci ga abin da zai kai shi gida, tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, kuma idan mawadaci ne a garinsu to sai in bai sami mai ranta masa ba. Ana gaskata shi idan ya faɗi halinsa, amma idan ya karɓa ya zauna bai tafi ba sai a karɓe. Sharaɗin rance ya ɗauki sabon salo a yau, domin mai dukiya a gida yana iya kiran ɗan'uwansa a waya a turo masa kuɗi ya cira a wurin mai POS cikin 'yan mintoci, ko da yake ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira, ya nuna cewa mutum na iya zama da kuɗi a asusu ya rasa na mota. Wanda ya rage a wannan rukuni galibi shi ne wanda ba shi da shi a nan, ba shi da shi a can, kuma shi ne wanda rabon zakka ya fi tsallakewa, saboda kwamitocin da ke rabo suna aiki da jerin sunayen da dagatai da limamai suka kawo, baƙo kuwa ba ya cikin jerin kowa, kuma kafin ranar rabo ta zo ya riga ya wuce.

Magabata sun hango wannan matsala. Abu Ubaidu ya kawo a Kitabul Amwal takardar da Ibnu Shihab Azzuhuri ya rubuta wa halifa Umaru ɗan Abdul'aziz game da rabon zakka, inda ya ba da shawarar a raba kason ɗan hanya a kan hanyoyi gwargwadon yawan masu bin kowace, a ajiye shi a sanannun masaukai a hannun amintattun mutane, duk wanda ya iso ba shi da wurin kwana a saukar da shi, a ciyar da shi da dabbarsa. Ɗabari kuma ya ruwaito cewa wannan halifa ya umarci gwamnansa na Samarƙand ya gina masaukai, a riƙe matafiyi kwana ɗaya, marar lafiya kwana biyu, wanda guzurinsa ya ƙare a ba shi abin da zai kai shi garinsu. Ma'aunin rabon a nan hanya ce, ba unguwa ba. Tunda mafi yawan malamai ba su halatta a yi gini da kuɗin zakka ba, ɗakin da rijiyar sai su fito daga waƙafi, ciyarwa da kuɗin mota su fito daga kason ɗan hanya, sarkin tasha da mai unguwa su riƙe littafin masu sauka domin a kwantar da hankalin masu tsoro. Buƙatar irin wannan tsari ba za ta gushe ba, domin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma fasinjan jirgin ƙasa da ya sauka da dare yana nufin Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura sai ya jira gari ya waye kafin ya sami abin hawa.