Tsuntsun Dutsen Kupe da Haƙƙin Al'ummar da Ba ta Kai Ƙara

  

A kudu maso yammacin Kamaru akwai dutsen da ake kira Kupe, tsayinsa ya haura mita 2,000, gajimare ba ya rabuwa da kurminsa. A nan wani likita Bature, William Serle, ya gano wani tsuntsu a shekarar 1949, bayansa kore, maƙogwaronsa fari, fuskarsa baƙa kamar mai amawali. Ƙwari ne abincinsa. Bayan 1951 masana ba su sake ganinsa ba sai a 1989. Yau yana cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, domin gonaki suna ta hawa dutsen, gatari yana cin kurmin, shi kuwa ba ya rayuwa a fili.

Wani zai ce, ina ruwan addini da tsuntsun dawa? To, aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai. Da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da su. 'Ya'ya biyu ke nan tak. Ina ga wanda ya share gidan al'umma ɗungum?

Ba a ce manomi ya yi laifi don ya nemi abincin iyalinsa ba. Noma halal ne, har lada gare shi. Amma shari'a ta san hima, wato ƙasar da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. Annabi ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Don dabbobin kiwo aka yi su, gaskiya ne, amma tushen hukuncin shi ne maslaha, kuma kurmin da ke riƙe ruwan ƙoramun da ƙauyuka ke sha maslaha ce bayyananna. Saboda haka idan hukuma ta shata iyaka a irin wannan kurmi, ba tare da ta zalunci masu gonaki ba, kiyaye iyakar ya wajaba, mai ƙetare ta da gatari kuwa ya ci haƙƙin mutane da na tsuntsu gaba ɗaya.