SHIN ANA IYA SAYEN KULA DA TSOHO DA KUƊI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, akwai tambayar da ke damun Musulmi da yawa mazauna Ingila: mahaifiya ta tsufa, ɗa da matarsa duk suna fita aiki tun asuba, to ya halatta a kai ta gidan da ake kula da tsofaffi? Kafin wani ya yi saurin cewa "haram", bari mu fara sanin abin da ake magana a kai.

A can akwai wani tsari da ya sha bamban da gidan gajiyayyu da muke ji. Babban gini ne, kowane tsoho da sashensa: ɗakin kwana, falo, kicin da banɗaki, makullin ƙofarsa a hannunsa. Haya yake biya, ko ya saya. Galibi daga shekara 55 ake karɓa. Ma'aikata suna cikin ginin dare da rana, suna taimaka wa mai bukata da wanka, sa tufafi da shan magani, in ya faɗi kuma akwai ƙararrawar da zai danna a zo. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke bincikar wannan hidima da tambayoyi 5: akwai aminci? Aikin yana amfani? Akwai tausayi? Ana sauraron bukatar mutum? Shugabancin wurin yana da kyau?

Mu yi adalci, akwai hikima a nan. Barin makulli a hannun tsoho yana nufin har yanzu shi ne maigida, sai an yi sallama a shiga masa, shi zai ce ga lokacin da zai kwanta, ga abin da zai ci. Wannan kare mutunci ne, kuma Musulunci ya fi kowa son sa.

Amma su kansu sun ga inda gizo ke saƙa. A 2015 hukumarsu mai tsara ƙa'idojin lafiya ta ba da shawarar kada ziyarar mai kula da tsoho a gidansa ta gaza rabin awa sai da dalili, saboda an yi ta kuka da ziyarar minti 15. A 2018 kuma gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici. Ka ji fa! Ga wuta, ga ruwa, ga magani a kan lokaci, amma mutum na wuni ba wanda ya zauna ya yi hira da shi. Ma'aikaci yana da ɗakuna da yawa a gabansa, albashi kaɗan, gobe ya bar aikin a kawo wata sabuwar fuska.

To a nan amsar take. Hidima daban, biyayya ga iyaye daban. Hidima ana iya ɗaukar wani a biya shi ya yi, shari'a ba ta hana ba, wani lokacin ma ƙwararre ya fi ka iya ɗaga mara lafiya da juya shi. Biyayya kuwa ba a wakilta ta. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, Allah Ya ambaci tsufan iyaye a wurin ɗansu, Ya hana ko nuna ƙosawa, Ya yi umarni da magana mai daɗi, da ƙanƙan da kai, da addu'a. A cikin waɗannan wanne za ka biya wani ya yi maka? Kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya yi tir da wanda ya riski iyayensa cikin tsufa amma hakan bai shigar da shi Aljanna ba.

Saboda haka asali shi ne ta zauna tare da kai. In lalura ta tilasta, to da sharuɗɗa: ta yarda da kanta ba don an matsa mata ba, abincinta halal ne, mace ce ke yi mata wanka, ana taimaka mata da alwala da sanin lokacin salla, kai kuma ƙafarka ba ta yankewa daga wurin. In ka ajiye ta don ka huta, ko wurin ya ci maki mafi girma, kai ka faɗi.

Mu kuma na gida kada mu yi dariya. Muna alfahari ba ma kai iyayenmu irin waɗannan wurare. To Hajiya da aka bari a ɗakin baya fa, 'ya'ya suna Abuja da Legas, an haɗa ta da 'yar aiki ƙaramar yarinya, ƙarshen wata a turo kuɗi a ce an sauke nauyi? An karɓe makullin akwatinta, ana yanke shawara a kanta ba a tambaye ta ba. Mu ba hukumar da za ta zo bincike, amma mala'iku na rubutawa. Kowa ya ɗauki tambayoyin nan 5 ya auna gidansa.

Tsohon da ba shi da kowa kuwa hakkinsa na kan al'umma. Abu Yusuf ya kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ɗauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka tafi Birtaniya aikin kula da tsofaffi, musamman tun da aka buɗe ƙofar biza a 2022, amana ce a hannunku. Tsohon nan ko ba Musulmi ba ne, ku suturta shi, ku kira shi da sunan da yake so, kada ku yi masa tsawa don ya manta. Ku gyara niyya, ga albashi ga lada.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, Ya sa tsufanmu ya yi kyau. Amin.