Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Wannan karin magana daga hanyar fatauci ta fito. Mai jaki ya ɗora mangala, ya ɗaure, ya kama hanyar kasuwar Isa ko ta Sabon Birni, hankalinsa na kan ciniki. Igiya ta saki, akumari ya zame, buhun gero ya karkata gefe guda, shi bai sani ba. Wanda ke tafe a baya shi ke gani, sai ya ce, "Malam, gyara kayanka." Bai nemi ko mudu ɗaya ba. Amma akwai mai kayan da zai juyo da fushi, don a kunnensa abin da aka ce shi ne a sauke a raba.

Gobirawa sun ga iri biyun a fadarsu, mai karɓar gyara da mai ƙinsa. Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Sallah, ya raba musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa, duk da ƙarfinsa, ya amince. Da mulki ya zo hannun Nafata sai ya hana rawani da lulluɓi, ya taƙaita wa'azi. Ɗansa Yunfa ya ƙara matsawa, Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Ban ce tsoron sarakunan nan ba shi da tushe ba, jama'ar Shehu ƙaruwa take yi kullum. Sai dai kukan haraji gaskiya ne, ko daga bakin wa ya fito, kuma hana faɗinsa bai rage wa talaka ko wuri ɗaya ba.

A ma'aikatun yau ma nan gizo ke saƙa. Ana ta taron bita kan inganta aiki, a raba takardu, a ci shinkafa, a watse. Ɗauki ƙaramin asibitin ƙauye. A jikin firjin allurar rigakafi akwai takardar da ake rubuta awon sanyi safe da yamma. Batirin sola ya yi rauni, firjin na ɗumi cikin dare, ma'aikaciyar da ke kula da shi ta lura. In ta san faɗa wa oga zai jawo mata takardar tuhuma, ko a ce tana neman kujerarsa, ko a tura ta ƙauyen da kowa ke gudu, to za ta zauna ranar da masu duba aiki za su zo ta cike layukan mako guda da biro ɗaya. Takarda ta yi kyau, allura ta lalace, kuma da ita za a yi wa yara. A gabashin Sakkwato, inda matsalar 'yan bindiga ta sa jami'i daga birni ba ya leƙa wasu garuruwan sai jefi-jefi, shugaba ba shi da ido sai bakin ƙananan ma'aikatansa.

Kamfanin Toyota na Japan ya gane wannan tun tuni. Ya rataya igiya a kan layin haɗa motoci, duk leburan da ya ga kuskure ya ja, shugaban sashe ya rugo, in abin bai gyaru nan take ba layin ya tsaya. Igiya ba ta da tsada, kowace masana'anta na iya sayenta. Abin da ke da wuya shi ne fuskar da oga zai zo da ita ranar da yaron da aka ɗauka jiya ya tsayar masa da aiki, domin sauran ma'aikata ita suke kallo kafin su yanke ko su ma za su ja gobe.

Gaskiya ne akwai masu fakewa da gyara don su ture mutum, kowane ofis da nasa. To ko mai hassada ne ya kawo labarin firji, shugaban asibiti ko daraktan ƙaramar hukuma ya fara tashi ya buɗe firjin ya duba ma'aunin, a sayo batiri, maganar niyyar mai faɗa ta biyo baya.