KALLO KO IZINA? TUNANI A KAN ZIYARAR ƊALIBAI ZUWA POMPEI

Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi, suka kuma ce gani ya kori ji. Babu ɗalibin da zai yi musun waɗannan maganganu. Amma fa akwai wani irin gani wanda ya kamata mai hankali ya tsaya ya tambayi kansa kafin ya yi shi, watau ganin wurin da masifa ta auka wa waɗansu bayin Allah. Shin ya dace mutum ya sayi tikiti, ya rataya kyamara, ya tafi kallon inda mutane suka hallaka, sa'an nan ya kira wannan shaƙatawar ƙarshen mako? Wannan ita ce tambayar da nake so mu tattauna.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata tafiya da waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai masu karatu a Italiya suka yi zuwa yankin Napoli. Ran Asabar suka shiga jirgin ƙasa suka sauka a kufan birnin Pompei, ran Lahadi kuma suka hau dutsen Vesuvio, mai aman wuta, wanda tsayinsa ya kai mita 1,281, suka leƙa bakinsa. Da suka komo masauki sai gardama ta kaure. Waɗansu suka ce ba su taɓa yin tafiya mai amfani kamar wannan ba. Waɗansu kuwa suka ce kunya ma suka ji, domin a ganinsu maƙabarta suka shiga suna ciye-ciye da dariya.

Kafin mu raba wannan gardama, bari mu san abin da suka gani. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen nan ya fashe, ya yi ta zubo toka da tsakuwa a kan garuruwan da ke gindinsa, daga baya kuma guguwar iska mai tsananin zafi ta gangaro ta gama da waɗanda suka rage. Pompei ta binne a ƙarƙashin toka mai kaurin mita 4 zuwa 6, aka manta da ita, sai a 1748 aka soma tono ta. An sami tituna da rijiyoyi da shaguna, har da burodi a cikin tanderu, ya ƙone ƙurmus amma siffarsa na nan. An kuma sami ragowar mutane fiye da 1,000. A 1863 shugaban masu tonon, Giuseppe Fiorelli, ya lura cewa gawarwakin da suka ruɓe sun bar kogo a cikin daskararriyar toka. Sai ya sa ana ɗura kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti, a cikin kogon. In ta bushe aka share tokar, sai ga siffar mutum yadda ajali ya same shi: wani a kife, wani ya rufe fuska da hannu, wani ya takure. A wani lambu ɗaya akwai irin waɗannan siffofi 13, manya da yara. Su ne abin da 'yan yawon buɗe ido suka fi rububin ɗauka hoto.

Masu ƙyamar wannan ziyara suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce mamaci yana da haƙƙin sutura, kuma tsawon zamani ba ya kankare wannan haƙƙi. Waɗannan siffofi ba gumaka ba ne da wani gwani ya sassaƙa, domin a cikinsu akwai ƙasusuwan mutanen. Wane ne a cikinmu zai yarda a sa mahaifiyarsa a akwatin gilashi a halin fitar ranta, baƙi suna tsayawa gefenta suna murmushi ana ɗaukarsu hoto? In ba mu yarda a yi wa namu ba, mene ne ya halatta mana na wasu, in ba don ba su da dangin da za su yi magana ba? Sun kuma kawo abin da ya zo a ingantaccen hadisi, cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir, mazaunin Samudawa, a kan hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga wurin sai dai suna masu kuka, ya kuma gaggauta wucewa.

Ɗaya ɓangaren su ma ba da wasa suka zo ba. Sun ce mutumin da aka manta da shi ya mutu sau biyu. Talakawan Pompei, da bayi, da masu toya burodi, babu littafin tarihin da ya damu da su. Tonon nan ne ya dawo da labarinsu. Kuɗin da maziyarta ke biya shi ke taimakawa wajen kula da wurin. Sa'an nan kuma yawo a bayan ƙasa don ganin ƙarshen mutanen farko abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa.

Ni dai a ganina, zuwan ba shi ne laifi ba. Laifin yana ga irin idon da aka je da shi, kuma idanu biyu ne ke ɓata wannan ziyara. Na farko idon ɗan kallo, wanda komai wasa ne a wurinsa, gawa da gini duk ɗaya, muddin hoto zai yi kyau. Irin wannan ido har mai shi yake cutarwa: a 2022 wani matashi Ba'amurke ya zame ya faɗa cikin bakin Vesuvio garin ɗauko wayarsa da ta suɓuce wajen ɗaukar hoto, da ƙyar aka ciro shi da rai. Yawan jama'a kuwa ya kai har a ƙarshen 2024 hukumar wurin ta ƙayyade maziyarta Pompei zuwa 20,000 a rana.

Ido na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma mu ya fi kamawa, watau idon alƙali. Shi ne na mutumin da zai dubi siffofin nan ya ce ai fasiƙai ne, abin da suka shuka suka girba. Wa ya sanar da shi? Samudawa wahayi ne ya ba da labarin laifinsu. Mutanen Pompei kuwa babu wanda aka yi wa wahayi a kansu, kuma a cikinsu akwai jarirai, akwai bayin da ba su da ikon gudu sai da izinin iyayengijinsu. Akwai ma wanda ya mutu garin ceton wasu: Pliny Babba, shugaban jiragen yaƙin Rum na yankin, ya tunkari gaɓar da mutane ke gudowa daga gare ta, ya rasu a bakin teku a Stabiae. Mai wannan ido yana zaton izina yake ɗauka, alhali kansa yake wankewa. Da zarar ka ce laifinsu ne ya ci su, ka ce ke nan abin ba zai same ka ba. Ɗan kallo da alƙali duk sun haɗu a wuri ɗaya: kowannensu ya fitar da kansa daga cikin labarin.

To, mece ce izinar ta gaskiya? Ita ce ka gane cewa mutanen nan an yi musu ishara. Shekara 17 kafin fashewar, watau a 62 Miladiyya, girgizar ƙasa ta rushe sashe mai yawa na birnin, har masifar ta zo ba a gama gyara ba. Pliny Ƙarami, ɗan 'yar'uwar wancan, wanda ya ga abin da idonsa yana ɗan shekara 17, ya bayyana a wasiƙarsa cewa an yi kwanaki ƙasa na motsi, amma ba a tsorata ba, don an saba da hakan a yankin. Ashe sabo ne ya rufe musu ido. Su dai suna da uzuri, domin ba su san alaƙar girgizar ƙasa da aman wuta ba. Mu da muka sani fa?

Italiyawan yau sun ɗauki wani abu daga wannan darasi. Tun 1841 aka kafa tashar sa ido a jikin dutsen. Rabonsa da aman wuta tun 1944, amma duk da haka an shata yankin haɗari mai garuruwa 25, inda mutane wajen 700,000 ke zaune, an kuma tsara yadda za a kwashe su cikin awa 72. Ko tsarin zai yi aiki ran da aka buƙace shi, Allah ne masani, amma dai an ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Kada kuma mu ɗauka abin na Turai ne kawai. A nan maƙwabta, a Kamaru, tafkin Monoun, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, ya saki wata iska mai shaƙe numfashi a 1984, mutum 37 suka mutu. Bayan shekara biyu, daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos ya yi irin haka, ya kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu. Sai a 2001 aka kafa bututun farko na rage iskar daga ƙasan tafkin. Ishara ta zo a 1984, amma fahimtarta ta makara. Waɗannan kuwa babu wanda zai iya buɗe baki ya ce zunubinsu ne ya jawo.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda Allah Ya kai shi irin wannan wuri ya shiga, amma ya shiga kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa: ya rage murya, ya kame daga wasa a gaban matattu, ya bar hukuncinsu ga Mahaliccinsu. In ya fito kuma ya tambayi kansa wace ishara ce shi da mutanensa suka saba da ita har suka daina ganinta: gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, ko bangon da ya tsage tun bara, ko kwalbatin da ta toshe ga damina na tafe. Wanda aka kashe wa kuɗi ya yi ilimi, shi aka ɗora wa nauyin karanta wa jama'a irin waɗannan alamu, ko da za a ce masa mai baƙin baki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya sa mu dace, amin.